Sunan da ke Kan Jita da Hannun da Ya Ƙera Ta

Jitar lantarki ta daɗe da zama ƴar gida a Nijar. Daga Agadas zuwa Abalak da Cintabaradan da wuya a yi babban biki babu ita, kuma tun da sunan Bombino da na Mdou Moctar suka zagaya duniya, yaran Maraɗi da Damagaram da Tawa ma sun fara damun uwayensu a saya musu. Wasu makarantu masu zaman kansu da gidajen matasa su ma sukan ware ɗan kuɗi don kayan kiɗa. Ko ya dace yaro ya koyi kiɗa ko bai dace ba, kowane gida ke yanke wa kansa wannan hukunci, ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne abin da ke faruwa wajen ciniki. Mai saye bai san kayan ba, mai sayarwa kuwa sai ya ɗora yatsa bisa sunan da ke rubuce a kan jitar, ya ce: "Ka gani ko? Fender ce, ƙirar Amurka." Daga nan farashi ya tashi.

Sunan nan da ake nunawa, sau tari na mai kaya ne, ba na maƙeri ba. Mu bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Shekaru aru-aru fatar jar akuya da ake jemewa a ƙasar Hausa, irin akuyar Sakkwato da Maraɗi, tana ratsa Sahara bisa raƙuma har Arewacin Afirka, Turawa su saye ta a can su kira ta fatar Maroko. Majemi ya yi aiki, sunan wani ya tafi kasuwa. Haka tarihin jitar lantarki yake tun shekaru sittin da suka wuce, sai dai ita jitar tana ɗauke da shaidu a jikinta, kuma wanda ya san tarihin zai iya karanta su.

A Amurka abin ya faro. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. A 1950 ya fito da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster, a 1954 kuma Stratocaster, wadda ita ce siffar da mafi yawan makaɗan arewacin ƙasarmu ke ratayawa. Kamfanin Gibson kuwa yana garin Kalamazoo na jihar Mishigan. Waɗannan biyun a lokacin suna da masana'antunsu, sunan da ke kai shi ne sunan ƙofar da jitar ta fito. Amma tun a zamanin akwai wata hanya ta daban. Babban kantin nan na Sears yana sayar da jita da sunan Silvertone, alhali babu wata masana'anta mai wannan suna. Harmony da Kay na Shikago da Danelectro ne ke ƙerawa, kanti ya manna sunansa. Dokar Amurka tun 1890 ta tilasta a rubuta ƙasar da kayan waje suka fito. Ƙasa kawai ta ce, ba ta ce masana'anta ba, kuma a wannan giɓin ne dukan wahalar bincikenmu take.

Da kiɗan samari ya bunƙasa a shekarun 1960, buƙatar jita mai araha ta fi ƙarfin masana'antun Amurka, sai ƴan kasuwa suka nufi Japan. Kamfanin Teisco na Tokiyo ya yi ta turo kaya da sunaye barkatai, har da shi Silvertone ɗin, kafin Kawai ya saye shi a 1967. Jitocin wancan lokaci su ne suka fi wuyar ganewa, don da yawansu babu lambar jeri mai ma'ana, kuma masana'antu da dama suna sayen ƙarafuna da maganaɗisu daga wuri guda. Masu tara tsofaffin jitoci sai dai su gwada siffar gangar jiki da ta farantin ƙarfe da tsofaffin littattafan talla.

Gari ɗaya ne ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi, wato Matsumoto, cikin duwatsun lardin Nagano. Iskar wurin busasshiya ce, tana da kyau wajen shanya katako, kuma garin ya daɗe da masassaƙa. Masana'antu biyu suka tashi a can. Ta farko, Matsumoku, ta fara ne da aikin katako, ta shahara da yi wa kamfanin Singer akwatunan keken ɗinki. Duk wanda ya taso a gidan tela ya san irin santsi da ƙarkon katakon keken Singer. Ma'aikatan da suka gwanance da wannan aiki su ne suka koma sassaƙa jita, suka yi Aria da Westone da Univox, suka kuma yi wa Gibson jitocin Epiphone bayan da ya kwashe aikinsu daga Kalamazoo a 1970. An rufe Matsumoku a 1987. Babu jita da yawa masu ɗauke da sunanta a kai, amma a kan samu sunan a farantin ƙarfen da ke bayan wasu, wurin da wuya ya haɗu da gangar jiki.

Ta biyu ita ce FujiGen, wadda aka kafa a 1960. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Yuichiro Yokouchi, manomi ne mai kiwon shanu. Ita ce ta ƙera mafi yawan jitocin Ibanez da Greco na shekarun 1970. Shi kansa sunan Ibanez darasi ne: sunan wani maƙerin jita ne ɗan Sifen, Salvador Ibáñez, wanda kamfanin Hoshino na birnin Nagoya ke shigo da kayansa tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya riƙe sunan. Ke nan suna na Sifen, mai kaya na Nagoya, maƙeri na Matsumoto.

Da farko Japanawa kwaikwayo suke yi, kuma kwaikwayon farko bai yi kyau ba. Amma kafin ƙarshen shekarun 1970 sun kai inda kwafin nasu ke gogayya da na asali. A 1977 kamfanin Norlin, mai mallakar Gibson a lokacin, ya kai ƙarar Elger, wakilin Hoshino a Amurka, gaban kotun tarayya a Filadelfiya, kan kwaikwayon siffar kan jita. An sasanta ba tare da an kai ga hukunci ba, kuma Ibanez ya riga ya canza siffar tun 1976. Ƙara ɗaya ce, kan abu ɗaya. Amma yau idan ka shiga kasuwannin intanet za ka ga duk wata tsohuwar jitar Japan, mai kyau da maras kyau, ana tallarta da sunan "ta zamanin ƙara" don a ƙara mata kuɗi. Ga yadda ɗan ƙaramin labari na gaskiya ke zama jarin dillalai.

Shi kuwa Fender, tun a Janairun 1965 Leo ya sayar da shi ga kamfanin CBS kan dala miliyan 13, kuma makaɗa sun yi ta kukan cewa inganci ya ja baya. Da aka ga ba a iya kayar da masu kwaikwayon, sai aka ɗauke su aiki. A Maris 1982 aka kafa Fender Japan da haɗin gwiwar Kanda Shokai da Yamano Gakki, aka ba FujiGen aikin ƙira. Kanda Shokai shi ne mai Greco, wato masana'antar da jiya ke yin kwafi, yau ita ce ke yin na asali, da injina guda da ma'aikata guda. A shekarar ce kuma aka farfaɗo da sunan Squier, wanda asalinsa na wani kamfanin tsirkiya ne a Mishigan da Fender ya saya a 1965, aka ɗora shi kan jitoci masu sauƙin kuɗi. Jitocin farko na wannan haɗin gwiwa lambarsu tana farawa da JV, daga 1982 zuwa 1984, kuma masana suna nemansu ido rufe. Squier mai JV ta fi wasu masu sunan Fender daraja.

A 1985 CBS ya sayar da Fender ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz, amma ba a haɗa da ginin Fullerton a cinikin ba. Na ɗan lokaci kamfanin Amurka mafi shahara a harkar jita ya zauna babu masana'anta a Amurka, kusan duk abin da yake sayarwa daga Japan yake zuwa, har aka buɗe sabuwa a garin Corona. Bayan haka aka buɗe wata a Ensenada ta ƙasar Meziko a 1987.

Daga nan kuɗi ne suka riƙa kora aikin daga ƙasa zuwa ƙasa. A Satumban 1985 manyan ƙasashe biyar suka amince a otal ɗin Plaza na New York a karya darajar dala. Dalar da ke sayen yen kusan 240 ta koma sayen kusan rabin haka cikin shekara biyu zuwa uku. Duk wanda ya ga abin da karya darajar sefa ya yi wa kasuwanninmu a Janairun 1994 ya san yadda irin wannan ke juya ciniki cikin dare ɗaya. Kayan Japan suka yi tsada, sai aikin jita mai araha ya koma Koriya ta Kudu, hannun Samick da Young Chang da Cort da Saehan. Da albashi ya tashi a Koriya, sai kamfanonin Koriyar da kansu suka buɗe rassa a Indunusiya da Sin cikin shekarun 1990, Samick kusa da Bogor, Cort kusa da Surabaya.

Alherin da wannan yawo ya bar wa mai bincike shi ne haruffa. Tunda kamfani ɗaya yana ba masana'antu da yawa aiki, dole ya san wadda zai kama idan kaya suka lalace, don haka aka sa harafin masana'anta a farkon lambar jeri. Ana samun lambar a gaban kan jita ko bayansa, ko a ƙarshen wuya, ko a farantin ƙarfe na baya.

A jitocin Squier na Koriya, CN na nufin Cort a shekarun 1990, VN kuma Saehan a shekarun 1990, lambar da ke biye ita ce shekara. CN5 ke nan Cort ce, 1995. Daga wajen 1997 aka koma KC da KV. IC Cort ce ta Indunusiya, IS kuma Samick ta Indunusiya, CY masana'antar Yako ce a Sin. A Epiphone, S Samick ce, U Unsung, I Saein, P ko R Peerless, EE kuwa masana'antar da Gibson ya gina wa kansa a birnin Qingdao na Sin. Bayan harafin sai shekara da wata: lambar da ta fara da U0305 ta fito daga Unsung a watan Mayun 2003. Daga wajen 2008 Epiphone ya bar haruffa ya koma lambobi zalla, shekara biyu, wata biyu, sannan biyu na masana'anta, inda 15 ke nufin Qingdao, 23 kuma Samick ta Indunusiya. Ibanez da ta fara da F, daga ƙarshen shekarun 1980, FujiGen ce.

Ga masu sunan Fender kansa, M ce ke tona asiri: MN Meziko ce a shekarun 1990, MZ a shekarun 2000, MX daga 2010. Na Amurka tun 1976 suna farawa da harafin zango, S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, daga 2010 kuma US. Nan ne tarko yake, don jitocin Japan na 1984 zuwa 1987 su ma da E suke farawa, har ma da wasu na Koriya. Mai sayarwa da ya nuna maka E ya ce Amurka bai gama magana ba, sai an ga ƙaramin rubutun ƙasa da ke kusa da lambar. In an kankare wannan rubutun, kankarewar ma shaida ce. A na Japan kuma akwai wani bambanci: "Made in Japan" na farko galibi aikin FujiGen ne, "Crafted in Japan" da ya bayyana a tsakiyar shekarun 1990 kuwa yana nuna lokacin da aikin ya koma hannun Tokai da Dyna Gakki.

Gibson ya fi kowa tsari. Daga 1977 zuwa 2005 lambarsa takwas ce. Ta farko da ta biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu ranar shekara, uku na ƙarshe kuma jerin jitocin ranar. Har 1984, in ukun ƙarshen ba su kai 500 ba Kalamazoo ce, in sun kai ko sun wuce Nashbil ce. Ɗauki 81232560: 8 da 2 sun ba da 1982, rana ta 123, sannan 560 ta nuna Nashbil. Malamin lissafi ko na tarihi zai iya cika awa guda da irin wannan a aji, kuma na tabbata yara za su fi kama shi da sauri bisa ga jerin shekarun da muke sa su haddacewa.

Sai dai lamba shaida ɗaya ce, kuma shaida ɗaya ba ta yanke shari'a. Dabarar Leo Fender ita ce a haɗa wuya da gangar jiki da sukuru huɗu, don in wuya ya lalace a sake wani. Wannan ya sauƙaƙa gyara, ya kuma sauƙaƙa ha'inci. Jitar da ta yi shekara talatin tana yawo, ta sauka a Kwatano ko Lome cikin kwantenar kayan gwanjo, ko ta biyo hanyar Libiya da Aljeriya, tana iya zama wuyan Meziko ne bisa jikin Sin. Lambar gaskiya ce, amma ta wuya kaɗai. Shi ya sa masana ke neman shaida ta biyu da ta uku. A sassauta tsirkiya, a kwance wuya, a duba hatimi ko rubutun fensir da ke ƙarshensa da kuma cikin ramin da yake zama, don ma'aikata sukan sa kwanan wata a nan. A buɗe farantin gaba a duba bayan abin murɗa ƙarar sauti. A na Amurka akan samu lamba bakwai: uku na farko na kamfanin da ya yi shi, 137 CTS ne, 304 Stackpole, 134 Centralab, sauran kuma shekara da mako. 1377426 ke nan CTS, 1974, mako na 26. Jita ba za ta girmi kayan cikinta ba, sai in an canza su, kuma mai gyaran rediyo na unguwa zai gane sabuwar dalma daga tsohuwa da kallo ɗaya. Shi ya kamata a kai wa wannan aiki, kada a bar yaro da sukundireba.

Matan kasuwar Maraɗi sun riga mu sanin wannan hanya. Ba wadda ke yarda da takardar da aka manna wa turmin atamfa. Sai ta duba rubutun gefe, ta juya baya ta ga ko rini ya ratsa, ta murza ta ji.

Bayan haɗe-haɗe akwai jabu tsantsa. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Anjalas, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. In ana kai su har ƙofar gidan mai sunan, to mu da ba mu da wakilin kamfanin a Yamai sai mu ƙara lura. Wata alama mai sauƙi: ƙaramin murfin da ke kan jitar Gibson, mai siffar ƙararrawa, sukuru biyu gare shi. Na Epiphone da na jabu da yawa uku ne. Masu jabun ma sun koyi wannan, don haka ganin uku ya isa a ajiye jitar, ganin biyu kuwa bai isa a biya ba.

Akwai abin da ban yarda da masu tara jitoci a kansa ba. Sun mayar da sunan masana'anta kamar asalin dangi, wannan ɗan sarauta, wancan bawa. Masana'anta tana yin abin da aka biya ta ne. Cort guda tana ƙera ta masu koyo da ta ƙwararru a ƙarƙashin rufi ɗaya, bambancin yana ga katako da ƙarfe da awannin da mai kaya ya yarda ya biya. Ga yaro mai koyo, Squier ta Indunusiya mai miƙaƙƙen wuya, wadda kunnuwanta ke riƙe tsirkiya, ta wadatar har ta yi yawa. Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko. Amfanin sanin masana'anta ga uba ko shugaban makaranta shi ne kada ya biya kuɗin Corona ya tafi gida da ta Yako, don tazarar farashinsu ninki ne bisa ninki, kuma kuɗin nan na littattafai ne ko na hatsin gida.

Haruffan nan kuma suna tuna mana cewa mutane ne a bayansu. C ɗin da ke cikin CN da KC ma'aikatan Incheon da Daejeon ne. A 2007 kamfanin ya sallami da yawansu, ya rufe masana'antar Daejeon, aiki ya koma Indunusiya da Sin. Wasu daga cikin waɗanda aka kora suka kafa tanti suna zanga-zanga, suka je har manyan bukukuwan baje kolin kayan kiɗa a ƙasashen waje suna kai kuka, suka ma koyi kaɗa jitar da suka yi shekaru suna gogewa ba su taɓa kaɗawa ba. Sai a Afrilun 2019 aka sasanta, a shekara ta goma sha uku.

Amurka ma ta ga irin nata. Da Gibson ya rufe masana'antar Kalamazoo a 1984 ya tattara komai a Nashbil, wasu tsofaffin ma'aikatan suka ƙi ƙaura. Suka sayi wasu daga cikin tsofaffin injinan, suka zauna a ginin nan na titin Parsons, suka fara ƙera jita a 1985 da sunan Heritage. Wanda ke neman jitar da ta fito daga ginin da aka yi Les Paul ta 1959, daga hannun mutanen da suka koyi aiki a can, ba zai same ta da sunan Gibson a kai ba in an ƙera ta bayan 1984. Heritage zai nema, kuma a kasuwar kayan hannu yawanci kuɗinta bai kai na mai tsohon sunan ba.